Dodanni Ke Buga Kuɗi: Yadda Dukiya Ta Taru A Hannun 'Yan Kaɗan A Wasan RuneScape

A wasan RuneScape akwai iyakar tsabar zinaren da ɗan wasa zai iya tarawa a tuli guda: 2,147,483,647. Ba wani masanin tattalin arziki ne ya zauna ya yanke wannan adadi ba. Iyakar lissafin kwamfuta ce, lamba mafi girma da ma'ajiyar da aka gina wasan a kanta take iya riƙewa. Lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Andrew da Paul Gower, suka saki wasan a Ingila a watan Janairun 2001, wanda ya tara miliyan ɗaya attajiri ne, kuma babu wanda ya kawo a ransa cewa wata rana biliyan biyu za ta yi wa wani kaɗan. Sai ga shi ta yi. Wajen shekarar 2015 farashin wata shuɗiyar hular takarda ya kai wannan iyaka, har kasuwar cikin wasan ta kasa rubuta kuɗinta. Masu cinikinta suka koma yi hannu da hannu, suna haɗawa da wasu kaya masu tsada a matsayin ciko.

Hular nan ba ta tare sara, ba ta ƙara wa mai ita ƙarfi ko sauri. Kyauta aka watsa ta a bikin Kirsimeti na 2001, mutane da yawa suka saka ta kwana biyu suka yar. Abin da ya ba ta daraja ɗaya ne: ba a sake fitar da ita ba, alhali kuɗi kuwa kullum sai ƙaruwa suke yi.

Ga wanda bai san wasan ba, RuneScape duniya ce ta intanet wadda dubun dubatar mutane ke shiga a lokaci guda. Suna sarar itace, suna kamun kifi, suna haƙar ma'adinai, suna ƙira, suna yaƙi da dodanni, sannan suna saye da sayarwa a tsakaninsu. Kamfanin Jagex da ke birnin Kambirij ne ke da shi. Yau reshe biyu gare shi: na asali da ya ci gaba da sauyawa, da kuma Old School RuneScape, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 2013 daga wani tsohon kwafin wasan na Agustan 2007. A kan na biyun nan zan fi tsayawa, saboda wani dalili. Ranar da aka buɗe shi kowa ya shigo aljihu wayam. Babu gado, babu tsohon arziki, babu ɗan gidan wane. Amma cikin 'yan shekaru sai ga masu ɗaruruwan biliyoyi a gefe guda, ga kuma waɗanda ke fafutukar haɗa kuɗin takobi a ɗaya gefen. Ba kasafai ake samun damar kallon yadda tazara ke buɗewa tun daga sifili ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

A duniyarmu babban banki ne ke buga kuɗi, kuma in ya wuce gona da iri kowa ya san inda zai nuna da yatsa. A cikin wasan kuwa kowane ɗan wasa gidan buga kuɗi ne. Ka kashe dodo, tsaba ta zube a ƙasa, ka ɗauka. Wannan tsabar ba daga aljihun kowa ta fito ba, a wannan daƙiƙar aka ƙirƙire ta. Jim kaɗan dodon ya sake tashi da sabuwar tsaba a jikinsa, wani ya zo ya kashe shi. Haka ake yi dare da rana, domin in Turai ta kwanta Amurka na farke.

Akwai kuma wani sihiri da ake kira High Level Alchemy, wanda duk ɗan wasan da ya kai mataki na 55 a fannin sihiri yake iya yi. Ka riƙe kaya, ka jefa masa sihirin, kayan ya ɓace, tsaba ta maye gurbinsa: kashi 60 cikin 100 na ƙimar da wasan ya rubuta wa kayan. Sulken ƙirji na ƙarfen rune, alal misali, 39,000 yake bayarwa. Jifa ɗaya daƙiƙa uku ne. In ka leƙa filin kasuwar Grand Exchange da ke arewa maso yammacin birnin Varrock na cikin wasan, za ka gan su tsaitsaye a cunkushe kewaye da rumfar 'yan banki, hannu na ɗagawa, haske na walƙawa, babu mai ce wa kowa uffan, da yawansu ma hankalinsu na kan wani abu dabam a waya. Ribar mai jifan ba ta taka kara ta karya ba, 'yan ɗaruruwa ne a kowane sulke, domin ya saye shi da kuɗi kusan daidai da abin da zai samu. Amma a lura da kyau: kuɗin da ya biya sun shiga aljihun wani ɗan wasa, suna nan a cikin wasan, 39,000 ɗin da sihirin ya ba shi kuwa sababbi ne fil. Mutum ɗaya ya narkar da sulke 100, ya ci ribar da ba ta kai ta kawo ba, amma ya ƙara wa duniyar wasan miliyan 3.9.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ƙayyade kuɗin tun farko? An gwada. Masu tsara Ultima Online, wanda ya fito a 1997, sun gina rufaffen tsari: albarkatu ƙayyadaddu ne, abin da aka cinye ko ya lalace sai ya koma rumbun wasan ya sake fitowa. 'Yan wasa suka riƙa jibge kaya a gidajensu ba su amfani da su ba su zubarwa, rumbu ya bushe, sababbin dabbobi da dodanni suka yi wuyar samu. Dole aka watsar da tsarin. Tun daga nan masu tsara irin waɗannan wasanni suka koma ga abin da suke kira famfo da magudana: a bar kuɗi su riƙa zubowa, a kuma haƙa ramukan da za su riƙa tsiyayewa. Matsalar ita ce ɗan wasa yana son famfo, ba ya son magudana. Duk sabon dodon da aka kawo sai ya fi na baya kyauta, in ba haka ba wa zai je wurinsa?

Farashi biyu, kowanne da inda ya nufa

A nan ne masu cewa "kuɗi sun yi yawa, komai ya yi tsada" suke kuskure, domin a Old School ba komai ne ya yi tsada ba. Kayan da ƙaramin ɗan wasa ke samarwa da guminsa, wato itace, kifi, kwal, tama, yawancinsu araha suka yi, wasu ma kamar banza. Dalili biyu ne. Na farko 'yan bot: manhajojin da ke buga wasan da kansu, ba gajiya ba barci, suna sarar bishiya ɗaya awa ashirin da huɗu suna zubawa a kasuwa. Jagex na korar su da yawan gaske, amma buɗe sabon asusu ba shi da wuya, a kori goma yau gobe ashirin su tsiro. Na biyu kuwa tsarin wasan ne da kansa. Manyan dodanni irin su Zulrah, macijiyar da aka kawo a farkon 2015, ba makamai kaɗai suke zubarwa ba, har da tulin kwal da katako da kifi. Mayaƙin da ya ƙware yakan samu a 'yan mintoci abin da mahaƙi zai daɗe yana dukan dutse kafin ya tara.

Makamai masu matsakaicin daraja su ma sun yi ta saukowa, kuma wannan ya samo asali ne daga dokar mutuwa. A da, in aka kashe ka, kaya uku mafi tsada kawai kake tsira da su, sauran su zube, in ba ka dawo da gaggawa ba su ɓace har abada. Daga baya aka tsawaita lokacin zuwa awa guda saboda hare-haren da ake kai wa na'urorin kamfanin suna jefar da mutane daga wasan, sannan a 2020 aka kawo kabari da kuɗin fansa: ka biya, ka karɓi kayanka. Ya rage wa mutane baƙin ciki, amma ya sa takobin da ya shigo wasan ba ya fita. Kullum ana samun sabo, tsoho yana nan. Gaskiya wannan ɓangaren ya yi wa talakan wasan daɗi, domin kayan yaƙin da a da sai wane da wane yanzu suna hannun kowa.

To ina kuɗin da ake ta bugawa suke tafiya? Sama suke hawa, wurin 'yan kayan da ba su da yawa. Bakan nan mai suna Twisted bow, da aka kawo a Janairun 2017, ya daɗe yana yawo a kusa da biliyan ɗaya, daga baya ya haura sosai. Wasu kayan ado da ake kira na 3rd age, waɗanda ake samu da ƙyar a farautar taska, sun zarce iyakar tsabar da tuli ɗaya ke ɗauka, sai da alamomin platinum ake biya, kowace ɗaya a madadin tsaba 1,000.

Sai a haɗa hoton. Abin da ƙaramin ɗan wasa ke sayarwa yana faɗuwa, abin da yake mafarkin saya yana tashin gwauron zabi. Attajiri kuwa abin da yake saya kullum, abinci da magunguna da kibau na zuwa yaƙi, yana da sauƙi, abin da ya ajiye a banki kuma yana ƙara daraja yana barci. Hauhawar farashi ɗaya ce, amma wani take ci, wani take ciyarwa.

Kuma kuɗi na kiran 'yan'uwansu ta hanyoyi da dama. Mai bakan biliyan ɗaya ya fi saurin kashe dodo, ya fi yawan zagaye a awa, ya fi samun damar wani abu mai tsada ya faɗo masa. Ƙungiyoyin da ke shiga manyan yaƙe-yaƙe sukan duba kayan mutum da yawan zuwansa kafin su ɗauke shi, wanda bai da su ya tsaya a bakin ƙofa. Sabon shiga da ke sarar itace yana lissafin awarsa da dubbai, mai manyan kaya yana lissafin tasa da miliyoyi.

Sai kasuwanci. Grand Exchange ta shigo wasan na asali a Nuwamban 2007, ta iso Old School a Fabrairun 2015. Ka rubuta abin da kake so da farashin da za ka biya, na'ura ta haɗa ka da mai sayarwa, ba ka gan shi ba bai gan ka ba. Mai biyan kuɗin wata yana da gurbi takwas na ciniki, mai buga kyauta yana da uku, kuma kowane kaya yana da iyakar adadin da za ka iya saya a cikin awa huɗu. 'Yan juyi suna zama a nan: su sa tayin saye ƙasa kaɗan, su sa na sayarwa sama kaɗan, su ci ratar da ke tsakani. Wanda jarinsa 100,000 ne in ya ci kashi ɗaya cikin ɗari ya samu 1,000, kuɗin da bai isa abincin yaƙi ɗaya ba. Mai biliyan biyar ya ci kashi ɗayan nan ya samu miliyan 50 bai motsa daga inda yake ba. Manyansu ma ba juyi suke yi ba, ajiya suke yi. Da zarar kamfani ya sanar da sabon dodo, su lissafa makamin da za a buƙata, su saye tun yana araha, su jira ranar buɗewa. Daidai yake da mai rumbu da ke saye da kaka lokacin da manomi ke matse da bukata, ya fito da hatsin da damina ta yi nisa. Ba wayo kaɗai ne ya raba su ba, ɗaya yana iya jira, ɗaya ba ya iyawa.

Ban da wannan akwai hanyoyin da ba su da tsabta. Filin Duel Arena da ke kusa da garin Al Kharid an gina shi ne don gwada ƙarfi, amma ya rikiɗe ya zama gidan caca: mutum biyu su zuba dukiyarsu, su yi ta sara, mai sa'a ya kwashe. Mutane sun yi asarar tarin shekaru a minti biyu, da yawansu kuma daga nan sai su nufi kasuwar bayan fage su sayi zinare da kuɗin gaske don su rama. Caca ba ta ƙara tsaba ko ɗaya a wasan, tattara ta take yi daga hannu dubu zuwa hannu goma. Sai a 2022 Jagex ya rushe filin, kuma a ganina ya makara ƙwarai. Haka ma kogon Revenant, inda ake samun kaya masu tsada amma kowa na iya kashe kowa: manyan ƙungiyoyi suka mamaye shi suna karɓar kuɗin kariya daga masu son farauta, wanda bai biya ba a yi masa taron dangi. A 2020 aka sauya dokar kogon don karya su.

Har yanzu maganar cikin gida muke yi. Amma wasan yana da ƙofa zuwa waje, kuma ta nan iska mai ƙarfi ke shigowa. Tun 2001 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya auna wasan EverQuest, ya gano cewa in aka juya abin da ɗan wasa ke samu zuwa dala bisa farashin da ake sayar da kayan wasan a intanet, awa ɗaya ta kai kimanin dala 3.42. Duk inda albashi bai kai haka ba, kashe dodo ya zama sana'a. An fara jin labarin manoman zinare daga Sin, wato masu tara zinaren wasa don su sayar da shi a kuɗin gaske. A RuneScape abin ya kai ga masu wannan harka suna biyan kuɗin wata da katunan banki na sata, har a Disamban 2007 Jagex ya sanar da matakin da ya girgiza wasan: ya hana a ba wa juna kaya ko kuɗi ba tare da musayar da ta yi daidai ba. Kyauta ta mutu, bashi ya mutu, mutane da yawa suka tattara nasu ya nasu suka bar wasan. An kashe ɓera an fasa tulu. A Fabrairun 2011 aka maido da cinikin 'yanci bayan ƙuri'ar da sama da mutum miliyan ɗaya suka kaɗa, kashi 91 cikin 100 suka ce a maido.

Daga baya sai Benezuwela. Lokacin da kuɗin ƙasar, boliba, ya rushe, har babban bankinta da kansa ya ce hauhawar farashi ta kai kashi 130,060 cikin 100 a 2018, mutane da dama suka koma Old School, domin wasa ne mara nauyi da tsohuwar kwamfuta da intanet mai rarrafe ke iya ɗauka. Suna kashe korayen dodanni masu aman wuta da Zulrah, su sayar da zinaren ga dillalai, a biya su da dala ko kuɗin kirifto. Ga mutumin da albashinsa na wata bai wuce 'yan daloli ba, zinaren wasa ya fi kuɗin ƙasarsa riƙe daraja. Da wutar lantarki ta ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar a watan Maris na 2019, sai da kasuwar wasan ta ji a jikinta, farashin wasu kayan da suka saba kawowa, kamar ɓawon Zulrah, ya ɗaga. 'Yan wasa da yawa sun tsane su, har ana farautarsu da gangan. Ni dai ban ga abin burgewa a kashe wanda abincin iyalinsa yake nema ba, musamman ganin cewa masu sayen zinaren, waɗanda su ne tushen harkar, suna zaune a ƙasashe masu arziki ba mai ce musu kanzil.

Kamfanin ya ga ba zai iya rufe ƙofar ba, sai ya kafa nasa teburi a bakinta. Wannan shi ne bond, wanda ya shigo wasan na asali a 2013, ya iso Old School a 2015. Ka saye shi da kuɗin gaske daga Jagex, ka sayar wa wani ɗan wasa da zinare a kasuwa, shi kuma ya fanshe shi ya samu kwana 14 na cikakken wasa. Bond ba ya buga sabon zinare, matsar da shi yake yi, amma ya halatta wa mai kuɗin waje ya zama mai kuɗin ciki a dare ɗaya. Farashinsa kuma ya zama ma'aunin da kowa ke dubawa: a shekarun farko miliyan biyu zuwa uku ne, a 2024 ya haura miliyan goma. Ba duka ne laifin yawan tsaba ba, domin kamfanin ya ƙara kuɗinsa na dala da fam a tsakani. Amma ga yaron da bai da katin banki, wanda da guminsa na cikin wasa yake biyan zamansa, sakamakon ɗaya ne: awoyin da zai yi aiki kafin ya fara wasa sun ninka.

Wani lokacin kuma famfon ne ke fashewa. A 2003 wata kafa a manhajar ta bari an kwafi hulunan biki da yawa, kuma ba a iya tantance su an janye duka ba. A Yulin 2018 wani kuskure a sabuntawar Old School ya riƙa cika wa mutane aljihu da iyakar tsaba, dole aka rufe wasan aka mayar da shi baya zuwa kafin kuskuren. Wasan Diablo III na kamfanin Blizzard ya sha irin wannan a Mayun 2013 a kasuwar gwanjonsa, wadda aka rufe gaba ɗaya a Maris na 2014.

Magudanan da aka haƙa

Tsohuwar dabara ita ce a sayar wa masu kuɗi abin alfahari. Fannin gine-gine da aka kawo a 2006 don haka aka yi shi: mai injin yanka katako yana karɓar 250 a kan kowane falankin oak, 1,500 a kan na mahogani, mai sayar da duwatsu yana karɓar 325,000 a kan dutsen marmara ɗaya, kuma duk abin da aka biya su ya fita daga wasan ke nan. World of Warcraft ya yi irin wannan a 2018 da wata dabbar hawa ta zinare miliyan biyar.

Babban mataki a Old School shi ne na Disamban 2021. Jagex ya sa harajin kashi ɗaya cikin 100 a kan abin da aka sayar a Grand Exchange. Wani ɓangare na harajin ana shafe shi, wani ɓangaren kuma na'ura ce ke amfani da shi ta sayi wasu zaɓaɓɓun makamai daga hannun 'yan wasa ta hallaka su, don kada su yi yawa su karye. A lokaci guda aka fara sayar da ƙarin gurbin ajiya a banki, kashin farko a miliyan ɗaya, na ƙarshe a miliyan 500. Wannan na bankin shi ne ya fi burge ni, domin mai kuɗi kaɗai yake tatsa, kuma da yardarsa.

Harajin kuwa akwai magana a kansa. An sa masa rufi: komai tsadar kaya, ba za a cire fiye da miliyan biyar ba. Mai sayar da kifin tsaba 1,000 ya biya cikakken kashi ɗaya. Mai sayar da bakan biliyan ɗaya da rabi ya biya miliyan biyar, wato sulusin kashi ɗaya. In ma ya ga dama ya kauce wa kasuwar ya yi ciniki hannu da hannu, inda babu haraji ko kaɗan, abin da mai kifi 500 ba shi da lokacin yi. A Mayun 2025 aka ɗaga harajin zuwa kashi biyu, rufin kuwa yana nan a miliyan biyar, ma'ana duk abin da ya wuce miliyan 250 ya fara samun rangwame. Akwai hujjar da ake bayarwa, cewa in babu rufi manyan kaya za su gudu daga kasuwar gaba ɗaya, kuma ba ƙarya ba ne. Amma sakamakon bai sauya ba.

Shirin saye da hallakawa ma haka. Wasu masu bincike uku sun nazarci farashin kasuwar a 2022, suka gano cewa harajin bai rage yawan ciniki ba, shirin hallaka kaya ya taimaka wajen ɗaga farashin kayan alfarma, kasuwar bayan fage ta zinare kuwa ko a jikinta. A duba wa wannan ya amfana. An karɓi kuɗi daga kowa, har da mai kifi, an je an tallafi farashin kayan da ke cikin bankin manya. An rage yawan tsaba, wannan gaskiya ne, kuma ana bukatarsa. Amma rage yawan kuɗi daban, sauya hannun da ke riƙe da su daban.

Wasan EVE Online na kamfanin CCP da ke Aisland ya bi wata hanyar. A can da jiragen sararin samaniya ake yaƙi, kuma jirgin da aka harbo ya tafi ke nan. A yaƙin B-R5RB na Janairun 2014 an hallaka manyan jirage 75 na ajin Titan, asarar da aka ƙiyasta da kusan dala 300,000. Kamfanin har masanin tattalin arziki ya ɗauka aiki a 2007, Eyjólfur Guðmundsson, kuma yana wallafa rahoton kuɗin wasan. Duk da haka dukiya ta taru a hannun manyan ƙawance masu riƙe da yankunan haƙar ma'adinai. Da CCP ya matse albarkatu daga ƙarshen 2019 don rage tarin, waɗanda suka riga suka cika rumbu suka ga kayansu sun ƙara daraja, mai tasowa kuma ya tarar tsani ya yi tsawo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Abin da ya bambanta kamfanin wasa da gwamnati shi ne ikonsa ba shi da iyaka. Yana ganin kowace tsaba da inda take, yana iya ƙirƙira ko shafewa da danna maɓalli. Ya ma nuna yana iyawa: a Old School, Jagex ya zaɓi ya riƙa raba hulunan biki duk Kirsimeti, sai ga hular da ake biliyoyi a kanta a wancan reshe tana 'yan dubbai a wannan. Ƙarancin kaya hukunci ne da wani ya yanke a ofis. To me ya hana a taɓa manyan bankuna? Na farko, waɗanda suka tara su ne suka fi daɗewa suna biyan kuɗin wata, kuma ranar da aka rage wa mutum dukiyar da ya yi shekara goma yana tarawa ranar zai tafi. Na biyu, tazarar ita kanta haja ce. Bakan da ba kowa ke da shi ba shi ke sa mutum ya dawo gobe, in kuma haƙurinsa ya ƙare, ga bond nan a kan tebur. Kamfanin ba ya son kuɗi su lalace har wasan ya rushe, amma ba shi da wata riba a ce kowa ya yi daidai da kowa.

Abin da ya yi a maimakon haka shi ne buɗe wa masu ƙorafi wata ƙofar. A Oktoban 2014 aka kawo tsarin Ironman: asusun da ba ya ciniki da kowa, ba ya karɓar kyauta, duk abin da zai saka ko ya ci sai ya samo da hannunsa. Ya karɓu ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin buga wasan. Daga 2019 kuma aka fara gasar Leagues, duniya ta wucin gadi inda kowa ke farawa daga sifili, a yi makonni a rufe. Mutane suna tururuwa zuwa can duk lokacin da aka buɗe, babban wasan da bankunansa kuwa ba a taɓa su ba. Shi ma Ironman ɗin bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Abu ɗaya tak aka yarje masa ya saya a Grand Exchange, wato bond, kuma farashinsa masu biliyoyi da masu katin banki ne ke yanke shi a tsakaninsu.